Gwanintar Turke Sukarin Jini

Ka ɗauki maza biyu 'yan shekara arba'in, kowanne na cin tuwonsa lafiya, yana fita nema, ba ya shan maganin komai. A ɗibi jininsu da sassafe kafin su karya kumallo, a auna sukari, a tarar dukansu suna daidai inda ake so. Likita zai sallame su da cewa lafiya lau. Amma mai yiwuwa ne na farko da ɗan insulin kaɗan jikinsa ya tsayar da sukarin a wurin, na biyu kuwa sai da fankiriyas ɗinsa ya kwararo ninki biyu ko uku kafin ya kai ga wannan lamba. Takardar awon sukari ba ta nuna wannan wahala. Inda take soma bayyana shi ne a maiƙon da ke yawo cikin jini, wanda a jikin na biyun galibi yakan sauya fasali shekaru da dama kafin a kira shi mai ciwon sukari, in ma har zai kai can.

Yadda masana suka kai ga sanin haka shi ya fi jan hankalina, don kuwa a gindin wannan ilimi akwai wani aikin hannu da ba kasafai ake ba shi haƙƙinsa ba. Aiki ne na mutum ya zauna a gefen gado sa'a biyu, uku, wani lokaci kusan yini guda, yana riƙe da sukarin jinin wani a lamba ɗaya, bai bar shi ya hau ba, bai bar shi ya sauka ba, alhali ana ɗura wa mutumin insulin da ya isa ya sumar da shi. Wannan shi ne turke sukarin jini. Har gobe da shi ake gwada ingancin duk sauran hanyoyin sanin yadda jikin mutum yake jin insulin.

Tun 1936 wani likita a Landan, Harold Himsworth, ya lura cewa masu ciwon sukari iri biyu ne: akwai waɗanda da an yi musu allurar insulin sukarinsu ke faɗowa, akwai waɗanda jikinsu bai cika jin sa ba. Sai dai a zamaninsa babu mai iya auna insulin ɗin da ke cikin jini, saboda ƙanƙantarsa ta wuce misali. Sai a 1959 zuwa 1960 Rosalyn Yalow da Solomon Berson, a asibitin tsofaffin sojoji da ke Bronx a birnin New York, suka fito da hanyar awonsa, aikin da ya kai Yalow ga lambar Nobel a 1977 bayan rasuwar Berson. Da awo ya samu sai aka ga abin mamaki: da yawa daga cikin waɗanda ciwon sukari ya kama da girmansu, insulin ɗinsu bai yi ƙaranci ba, wani lokaci ma ya fi na masu lafiya yawa.

Duk da haka awon insulin shi kaɗai bai kashe magana ba, saboda sukari da insulin kullum cikin bin juna suke. Sukari ya hau, fankiriyas ya saki insulin. Insulin ya hau, sukari ya sauka. Sukari ya sauka, fankiriyas ya ja baya. In ka ba mutum ruwan sukari ya sha kana aunawa, dukansu biyu motsi suke yi a lokaci guda, ga hanji na tsotsa da nasa saurin, ga hanta na ƙarawa ko ragewa. Ba ka da halin cewa wannan sakamako na wane ne. Reubin Andres, wani mai binciken tsufa a Baltimore, shi ya yi tunanin a datse wannan zagaye, a karɓe ragamar duka biyun daga hannun jiki. Tun a shekarun 1960 ya soma gwadawa, a 1979 kuma shi da Ralph DeFronzo da Jordan Tobin suka wallafa tsarin dalla-dalla.

Ka ɗauka kana da randa mai yoyo ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa, kana kuma son sanin yawan ruwan da take zubarwa. Sai ka ja layi a cikinta, ka dinga zuba ruwa yadda ba zai wuce layin ba, ba zai gaza shi ba. Muddin ruwa ya tsaya cak a kan layi, abin da kake zubawa shi ne abin da ke fita. Haka ake yi da jini. Ana ɗura insulin ta jijiya a kan ƙa'ida ɗaya da ba ta sauyawa, har hanta ta daina fitar da nata sukarin ko ta rage shi ƙwarai. Daga nan sukarin jini zai nemi faɗuwa, sai a tare shi da ruwan gulukos. Yawan gulukos ɗin da aka buƙata kafin sukari ya tsaya a inda yake, shi ne yawan da naman jiki ke sha. Mai jin insulin zai sha da yawa. Wanda jikinsa ya yi tauri, ɗan kaɗan ya ishe shi.

Faɗa da baki ke nan. A aikace tun daren jiya ake farawa, domin wanda za a gwada zai kwana bai ci komai ba na sa'a goma zuwa sha biyu, an kuma roƙe shi kada ya yi motsa jiki mai tsanani gabanin ranar, tunda gudun jiya yana iya sa tsoka ta ƙara jin insulin yau. Da safe a auna tsayinsa da nauyinsa, a lissafa faɗin fatar jikinsa, don da shi ake yanka adadin insulin. Wanda aka fi amfani da shi shi ne miliyunit 40 ga kowace murabba'in mita a minti guda, wanda ke ɗaga insulin na jini zuwa irin matakin da ake gani bayan an ci abinci mai nauyi, ya kuma ajiye shi a can. Ko haɗa ruwan ma da nasa sirri. Insulin yana manne wa roba da gilashi. In aka zuba shi haka nan cikin ruwan gishiri, wani kaso zai maƙale a bangon sirinji da tiyo bai kai ga jijiya ba. Shi ya sa akan ɗibi ɗan jinin mutumin kansa, ko furotin ɗin albumin, a gauraya da shi, su riga shi mamaye bangon.

Kanula biyu ake sakawa. Ta farko a gwiwar hannu, ta nan insulin da ruwan gulukos mai kaurin kashi 20 cikin 100 suke shiga, kowanne da famfonsa. Ta biyu a bayan ɗaya hannun, an soka ta tana fuskantar yatsu, sannan a cusa hannun cikin akwatin da ake hura wa iska mai zafin digiri 55 ko kusa da haka. Wannan akwati yana burge ni. Jinin da ake son aunawa shi ne na babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya, wanda tsoka ba ta riga ta sha sukarinsa ba, amma soka irin wannan jijiya akwai zafi, akwai haɗari. In aka ɗumama hannu, ƙananan hanyoyin jini na fata suna buɗewa, jini ya ratsa da sauri ya faɗa jijiyar bayan hannu kusan yadda ya zo. Da iska mai ɗumi kawai aka sauƙaƙa wa mutum sukar da ba dole ba.

Da an kunna famfon insulin, agogo ne ke mulki. Kowane minti biyar a ɗibi ɗan jini, a jefa shi cikin ƙaramin injin juyi don ruwansa ya rabu da ƙwayoyinsa, a ɗiga ruwan a na'urar awo da ke nan gefen gado, lamba ta fito, a rubuta, a yanke shawara, a gyara famfon gulukos, a wanke kanula da ruwan gishiri kada jini ya daskare a ciki. Kafin mutum ya ɗago kai, wani minti biyar ɗin ya cika. A gwajin sa'a biyu sau 24 ke nan, babu tsallake ko ɗaya. Abin da ake hari galibi shi ne miligiram 90 a desilita, wato milimol 5 a lita, kuma ana kiran aiki mai kyau idan kaiwa da komowar sukarin ba ta wuce kashi 5 cikin 100 ba.

A wajen yanke shawara ake gane gwani. Lambar da ke hannunsa labarin baya ce: jinin da aka ɗiba ɗazu ne, an kuma ɓata lokaci wajen juyi da awo. Gyaran da zai yi yanzu shi ma ba zai bayyana ba sai can gaba. Ƙari a kan haka, insulin ba ya kama tsoka nan take. Sai ya ratsa bangon ƙananan jijiyoyi ya isa ga naman, don haka a sa'ar farko buƙatar gulukos hawa take yi a hankali, kowane mutum da irin hawansa. Sabon hannu yakan bi lamba a guje. Ya ga 84 ya buɗe famfo sosai, can ya ga 99 ya rufe, sai ga 80. Ya yini yana lilo da sukarin bawan Allah. Gwani kuwa inda sukari ya dosa yake dubawa. In ya ga 92, 90, 88 a jere, ba zai jira 85 ba, zai ɗan ƙara tun yanzu, kuma ba zai sake taɓawa ba sai ya ga abin da ƙarin farko ya haifar. Andres da abokansa sun ba da lissafin da ke taimakawa, akwai kuma manhajoji a yau, amma lissafi bai san cewa mutumin ya fara gyangyaɗi ba, ko fitsari ya matse shi, ko yana kaɗa ƙafa saboda ƙosawa. Duk waɗannan suna taɓa lamba, kuma mai zaune a wurin ne ke ganinsu.

Sai an yi ɗan lissafi ake gane ƙarancin wurin kuskure. Duk sukarin da ke cikin jinin babban mutum, lita biyar, bai wuce giram huɗu da rabi ba, kimanin cikin cokalin shayi. Ɗauki misalin namiji mai kilo 70 wanda jikinsa ke jin insulin sosai, yana shan miligiram 8 ga kowane kilo a minti. Miligiram 560 ke nan a minti guda. Cikin minti goma ya sha fiye da duk abin da ke jininsa, kuma sai famfo ya ba shi mililita 168 a sa'a kafin ya tsaya daidai. Maƙwabcinsa mai nauyi ɗaya da shi, wanda ke shan miligiram 3, mililita 63 sun ishe shi. Mai riƙe da famfo bai san wanne ne a gabansa ba sai tafiya ta yi tafiya. In ya yi sake sukari ya yi ƙasa sosai, jiki zai firgita ya saki gulukagon da adirenalin, hanta ta ɓalle da fitar da sukari, gwajin ranar ya lalace, ga mutum na gumi da makyarkyata. In ya bari ya yi sama, fankiriyas zai ƙaro nasa insulin a kan wanda ake ɗurawa, awo ya gurɓace. Ga kuma fotasiyam, wanda insulin ke kora cikin naman jiki har ya ragu a jini, dole a sa masa ido saboda bugun zuciya. Ko an gama ma ba a tashi haka nan. A kashe insulin, a bar gulukos yana shiga ana rage shi sannu a hankali, a kawo wa mutum abinci ya ci, sai an tabbata ya tsaya da ƙafarsa a sallame shi.

Tun shekarun 1970 aka ƙera inji mai suna Biostator da ke auna sukari yana gyara famfo da kansa, an kuma yi wasu bayansa. Duk da haka cibiyoyi da yawa da hannu suke yi har yau. Hukumomin kula da magunguna a Turai da Amurka ma irin wannan gwaji suke nema kafin su amince cewa sabon insulin da wani kamfani ya haɗa yana aiki daidai da na asali.

Lamba ɗaya ce ake fita da ita daga duk wannan wahala, wato matsakaicin gulukos ɗin da aka ɗura a ƙarshen gwaji lokacin da komai ya lafa. Da ita DeFronzo ya nuna cewa kusan kashi 80 cikin 100 na gulukos ɗin tsoka ce ke shanye shi. A 1987 kuma, a jami'ar Stanford, Gerald Reaven da Clarie Hollenbeck suka turke sukarin mutum 100 waɗanda gwajin shan sukari ya tabbatar lafiyarsu ƙalau, suka kasa su kashi huɗu. Rukunin da ya fi jin insulin ya ninka na ƙarshe fiye da sau biyu. Sukarin rukunonin bai bambanta sosai ba. Insulin ɗinsu ne ya bambanta, na ƙarshen nan shi ya fi kowa kwararo shi. A wata babbar lacca da ake kira laccar Banting, wadda ya gabatar a 1988, Reaven ya ce kimanin ɗaya cikin huɗu na masu lafiya suna da taurin jiki ga insulin irin na masu ciwon, kuma ko sukarinsu bai taɓa hawa ba, biyan kuɗin wannan rufin asiri suke yi ta wata fuskar: hawan jini da lalacewar tsarin maiƙo.

Maiƙo ba ya narkewa a ruwa, jini kuwa mafi yawansa ruwa ne. Saboda haka jiki kan dunƙule maiƙo cikin ƙananan ƙwayoyi masu rigar furotin, su ake kira lifofurotin. John Gofman na Berkeley, likitan da ya taɓa aikin fulutoniyam a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, shi da Frank Lindgren suka gano yadda za a rarrabe su wajen 1949 zuwa 1950: a ƙara wa ruwan jini gishiri, a juya shi a injin da ke wuce juyi 50,000 a minti, kowace ƙwaya ta taso gwargwadon rashin nauyinta. Daga nan sunayen da ake gani a takardar asibiti suka samo asali. VLDL ita ce babba marar nauyi da hanta ke fitarwa maƙare da tiragilisarayid, wato maiƙon da jiki ke ƙonawa ko ya adana. In ta sauke kayanta ta motse, sai ta zama LDL mai ɗauke da kolestarol. HDL ita ce ƙarama mai nauyi, mai kwaso kolestarol daga sassan jiki zuwa hanta.

A 1989 Ivana Zavaroni da abokan aikinta a Parma ta Italiya, tare da Reaven, suka zaɓo mutum 32 daga ma'aikatan wata masana'anta, mafi yawansu maza, ba masu ƙiba ba, sukarinsu daidai, amma insulin ɗinsu a sama. Suka haɗa kowanne da takwaransa a shekaru, jinsi da nauyi wanda insulin ɗinsa ke daidai. Masu yawan insulin suka fito da tiragilisarayid mai yawa, HDL kaɗan, awon jininsu ma ya ɗara. To amma tafiya tare ba ta nuna wa ke jan wani. Shin yawan insulin ne ke tura hanta ta yi ta fitar da maiƙo, ko kuwa rashin jin sa ne?

A nan turke ya yi aikin da babu wata hanya da za ta iya. A shekarun 1990, rukunin Marja-Riitta Taskinen a Helsinki da na Chris Packard a Glasgow suka kwantar da maza masu lafiya, suka riƙe sukarinsu a wuri ɗaya na sa'o'i masu yawa insulin yana sama. A lokaci guda suka saka musu lusin da aka yi wa alama, wani sinadari da hanta ke gina furotin da shi, don su bi sawun sababbin ƙwayoyin VLDL tun daga fitowarsu. Ka duba nauyin aikin: ga ɗibar jinin sukari ba ƙaƙƙautawa, ga ta maiƙo a kan nata jadawalin, ga makonni na juyi da rarrabewa a ɗakin gwaji. Sakamakon da suka wallafa a 1997 ya nuna cewa a jikin namiji mai lafiya insulin rage fitar manyan ƙwayoyin VLDL yake yi, da kusan rabi, ƙananan kuma bai cika taɓa su ba. A jikin masu ciwon sukari irin na manya wannan birki bai kama ba. Ba don an riƙe sukari cak ba, da babu mai iya rantsuwa cewa insulin ne ya yi wannan aiki.

Daga nan sauran bayanin ya hau layi. Bayan an ci abinci, insulin yakan umarci kitsen jiki ya daina sakin maiƙo cikin jini, ya umarci hanta ta dakata da fitar da manyan VLDL tunda ga na abinci yana shigowa, ya kuma zaburar da sinadarin da ke bangon jijiyoyin kitse mai kwashe maiƙo daga jini. In jiki ya daina ji, kitse zai ci gaba da tsiyaya, musamman na cikin tumbi wanda jininsa kai tsaye hanta yake nufa. Hanta ta karɓa ta dunƙula ta fitar. Abin takaici, umarnin insulin na ƙera sabon maiƙo daga sukari shi hanta ba ta daina ji ba, yawansa ma ƙara mata ƙaimi yake yi. Da manyan VLDL suka yi yawa suka daɗe a jini, sai wani furotin mai suna CETP ya shiga musaya: ya ɗebi tiragilisarayid daga VLDL ya zuba wa LDL da HDL, ya kwaso kolestarol ɗinsu ya mayar wa VLDL. Sannan wani sinadari na hanta ya zo ya tatse maiƙon da aka zuba musu, su motse. HDL da ta motse ba ta daɗewa, ƙoda ke share furotin ɗinta, shi ya sa lambarta ke sauka. LDL kuwa ta zama ƙarama mai nauyi, irin wadda Ronald Krauss da Melissa Austin suka danganta da bugun zuciya a 1988: ta fi daɗewa a jini, ta fi saurin kutsawa bangon jijiya, ta fi saurin lalacewa a can. Kuma tunda kowace ƙwaya kolestarol kaɗan ta ɗauka, lambar LDL a takarda tana iya fitowa daidai alhali ƙwayoyin sun yi yawa.

Ba banza ba aka fi yin waɗannan bincike a kan maza. Tun 1947 Jean Vague na Marseille a Faransa ya lura cewa ƙibar da ke taruwa a ciki da kafaɗu, irin ta maza, ta fi ta ƙugu da cinyoyi jawo cuta. Daga balaga HDL ta namiji takan yi ƙasa da ta mace, shi ya sa ma iyakar da ake ja ta bambanta, miligiram 40 ga maza, 50 ga mata, kuma ciwon zuciya ya fi saurin riskar maza. A Quebec ta Kanada, Jean-Pierre Després da abokansa sun bi maza sama da 2,000 na tsawon shekara biyar, suka ba da rahoto a 1996 cewa waɗanda ciwon jijiyoyin zuciya ya kama tun farko insulin ɗinsu na safe ya fi na takwarorinsu yawa, haɗarin kuma ya fi tsanani idan ya haɗu da yawan ƙwayoyin maiƙon. Gyara guda da ya kamata a yi shi ne mata ma suna cikin wannan lissafi, musamman bayan ɗaukewar al'ada, kuma an daɗe ba a ba su kason da ya dace a bincike ba.

Gwajin da ke cin rabin yini da ma'aikata biyu ko uku a kan mutum ɗaya ba na asibitin yau da kullum ba ne, don haka aka nemi gajerun hanyoyi. A 1985 David Matthews da Robert Turner da abokansu a Oxford suka fito da lissafin HOMA: a ninka sukarin safe (a milimol) da insulin na safe, a raba da 22.5. A 2003 Tracey McLaughlin da Reaven suka nuna cewa ko ba a auna insulin ba, raba tiragilisarayid da HDL yana ba da haske. In an auna da miligiram aka sami 3 ko fiye a jikin mai ƙiba, akwai alamar taurin jiki ga insulin. Dabara ce mai arha, duk ɗakin gwajin da ke awon maiƙo zai iya.

Sai dai a nan akwai maganar da ta shafe mu kai tsaye. Mafi yawan mutanen da aka gina wannan ƙa'ida a kansu fararen fata ne. Anne Sumner, mai bincike a cibiyoyin lafiya na gwamnatin Amurka da ke Bethesda, ta nuna a 2005 cewa a jikin baƙaƙen fatar Amurka, tiragilisarayid da rabonsa da HDL ba sa nuna taurin jiki ga insulin yadda ake zato. Mutum zai kasance jikinsa ya yi tauri sosai amma tiragilisarayid ɗinsa yana ƙasa da miligiram 150, iyakar da likitoci ke ja. Daga baya ta faɗaɗa bincikenta zuwa 'yan Afirka da suka yi ƙaura zuwa Amurka. Cikin dalilan da ake kawowa akwai ƙarancin kitse a hanta da kuma ƙarfin sinadarin da ke kwashe maiƙo daga jini. Ba da gajeriyar hanya ta gano haka ba. Sai da ta koma ga awon jin insulin ta jijiya, mai ɗibar jini a kai a kai, sannan ta gwada gajeriyar hanyar da shi ta ga inda ta kauce.

Ke nan magidancin da ya karɓo takardarsa a Kano ya ga tiragilisarayid ƙasa da milimol 1.7, ko a Damagaram ya ga ƙasa da giram 1.5 a lita, wato dai iyakar miligiram 150 ɗin nan a wani ma'auni, bai kamata shi ko likitansa su ɗauka an rufe magana ba. Likita mai lura zai ce, “Alhaji, maiƙon bai hau ba, amma bari mu auna ƙugu.” Zai duba teɓa, ya duba awon jini da HDL, ya tambayi ko akwai mai ciwon sukari a dangi, ya leƙa bayan wuya da hammata ko fata ta yi duhu ta yi kauri, wanda alama ce ta yawan insulin. In abin ya ba shi shakka, sai ya tura shi gwajin shan gulukos giram 75 a sake auna jini bayan sa'a biyu, domin sukarin bayan sha yakan riga na safe nuna matsala.